Wa Ya Yi wa Bayan Sama Filasta

Mutumin da ya faɗo daga hawa na uku, ya miƙe ya kakkaɓe wando ya tambayi inda hularsa ta faɗa, ba shi za a zo har gida a yi wa wayo ba. Tsohon magini ke nan. Ambaliyar da ta share layinsu, katangarsa kaɗai ta bari a tsaye. Ya binne mata, ya binne leburorin da ya haife su a shekaru. Akwai asibitin da ya taɓa sallamarsa a kan ya koma gida ya jira lokaci, bayan wata biyu ya koma da ƙafarsa ya gyara musu matakalar da ta tsage. Bai taɓa zama a aji ba, amma a je a tambayi masu zaman wa ya gina musu ajin.

Abin da ya dame shi yanzu mabuɗi ne, na gidan da ya gina da hannunsa, ɗaki biyu da tsakar gida da rumfar kayan aiki. Tun ran da ya bar butar shayi a kan wuta har gindinta ya huje, 'yarsa ta sa shi a gaba sai ya koma wurinta. Ita a bene take, can sama, inda mutum zai wuni bai taka ƙasa ba. Ta ce ta gyara masa ɗaki mai fanka. Ya ce fankar ta sha iskarta. Buta ɗaya ce ta ƙone, shi kuwa ya san injiniyan da ya manta bai sa wa gida ƙofar baya ba, kuma ba wanda ya kwashe shi.

Mai askin bakin layi ne ya ankarar da shi. Yana cikin kankare masa ƙeya ya ba shi labarin yadda aka yi da wansa, shi mai askin. Ba asibiti aka kai shi ba, likitan aka kawo masa gida cikin kayan gida, aka ce baƙo ne. Aka sha shayi, baƙo yana murmushi yana jefa tambayoyi marasa kan gado, wan nasa kuwa da son hira ya saki baki. Kafin mako ya zagayo an karɓe mabuɗi, an sa kwaɗo, an ce kansa ya fara juyewa. Mai aski ya ce dabarar ita ce, duk tambayar da ka ji ta yi nisa da abin da ke gabanka, tarko ce. Tsohon ya gode, ya ajiye maganar a inda yake ajiye muhimman abubuwa.

To akwai wani abu da shi kansa ya san ya yi sakaci a kai. Kwanakin baya ya ji a rediyo wani yana bayanin cewa sararin sama, da taurari da duk abin da ke bayansu, ba a san ko yana da iyaka ba. Maganar ta tsaya masa kamar tsakuwa a takalmi. Ya kira 'yarsa a waya ya tambaye ta, ta ce ba ta sani ba. Washegari ya sake kira, don wani gefen tambayar ya faɗo masa yana cikin wanke cokalin gini. Ya kuma kira. A kira na ƙarshe sai ta tambaye shi ko yana samun barci.

Shi ya sa da ta zo ranar hutu da hantsi tare da baƙi biyu, ya riga ya shirya. Ya share tsakar gida, ya sa riga mai guga, ya tambayi maƙwabci kwanan wata ya haddace. Ta gabatar da na farko, wani siriri mai tabarau, ta ce ƙanen mijinta ne da ya dawo daga karatu, yana koyar da ilmin taurari. Ta biyu mace ce mai jiki, da jakar hannu da takalmi maras tsini, ta ce ƙawarta ce, hanya ta haɗa su. Tsohon ko kallo na biyu bai yi wa matar ba. Mai tabarau ya zuba wa ido: farce a yanke, hannu mai laushi, alƙalami a aljihu, ga murmushin nan da mai aski ya siffanta. Ilmin taurari. Ko ƙarya za a yi masa, ai a nemo wadda ta yi kama da sana'a.

Aka zauna a rumfa, a kan bencin da ya haɗa da ragowar katako. Ya kawo shayi da kansa, ya kashe wutar a gabansu, ya sake komawa ya duba don kowa ya gani. Ba wanda ya tambaye shi, ya faɗi ranar da kwanan wata cikin hira, ya ƙara da sunan layin. Mai tabarau ya yaba katanga, ya ce bai taɓa ganin bulo ya miƙe haka ba. Tsohon ya ce a ransa, da yabo ake farawa.

Sai ga shi kuwa. Mai tabarau ya ajiye kofi ya matso, ya ce matar yayansa ta gaya masa Baba yana son sanin ko sararin sama yana da ƙarshe, da abin da ke bayansa in yana da shi, shi kuma ba abin da ya fi so a tambaye shi kamar wannan.

Tsohon ya ji tambayar ta motsa a ƙirjinsa kamar yunwa. Ya danne ta.

"Ni?" ya ce. "Ɗana, ina ruwan magini da bayan sama? Ni dai na san siminti da yashi."

'Yar ta yi dariya, ta ce Baba ya daina wasa, ba shi ne ya yi ta kiranta a kan maganar ba?

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ban taɓa kiranki a kan wannan ba. Ko dai wani ne."

Ya faɗa da natsuwa, yana kallon mai tabarau ido cikin ido, yana jin daɗin yadda ya tsallake ramin. Ta tuna masa rediyo, ya ce rediyonsa labarai kawai yake kamawa. Ta tuna masa abin da ya ce game da katanga mai fuska biyu, ya girgiza kai kamar yau ya fara ji. Dariyar ta bar fuskarta. Ta dubi ƙawarta, ƙawar ta dubi kofinta. Mai tabarau ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya fara bayanin cewa haske ma tafiya yake yi, akwai wuraren da haskensu bai iso mu ba tukuna. Tsohon ya tsuke fuska ya ce Allah ne masani, ya tambayi ko a ƙara sukari. Ya ga idon 'yarsa ya kawo ruwa, ya ɗauka haushi ne na shirin da ya wargaje. Sai da ya ji ta ce wa mai tabarau a hankali, ya bar shi kawai, sannan wani abu ya ɗan sosa masa rai, amma bai gane ko mene ne ba.

Ƙawar ta ce tana son wanke hannu. Ya tashi ya raka ta famfon da ke can ƙarshen tsakar gida, bayan rumfa. Nasara irin wannan ba ta zama a ciki, kuma matar tana da fuskar masu sauraro. Yana murɗa mata famfo ya rage murya.

"'Yata, ke baƙuwa ce, ba ruwanki, bari in gaya miki. Wancan mai tabarau likita ne. Tun daga bakin ƙofa na gane shi."

Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya lissafa mata farce da alƙalami da murmushi, ya ba ta labarin wan mai aski. Ta ce to ashe ya tuna kiran da ya yi wa 'yarsa. Ya ce ya tuna mana, shi da ke iya faɗin wanda ya kwaɓa masa siminti a ginin farko da ya yi. Ya faɗa mata abin da yake yi a kowane kira, da abin da 'yar ta amsa, har da kukan jikarsa da ya jiyo a wayar ran da ta tambaye shi barci. Ya ce wanda ya amsa irin wannan tambaya a gaban likita, da mabuɗinsa ya amsa.

Ta ce ita kuwa tana son jin maganar katangar. Ya leƙa ya tabbatar ba mai zuwa, sannan ya dafa katangarsa. Ya ce shi tunda ya fara aiki bai taɓa barin katanga da fuska ɗaya ba. Masu gida sukan ce a yi filasta ta ciki kawai, wa zai ga baya? Shi kuwa sai ya zagaya ya shafe bayan, ko kwata ce a can, ko juji, don ruwa ta baya yake cin gini. To in sama tana da iyaka, iyakar nan katanga ce, ko da me aka yi ta. Katanga kuwa tana da baya. Mai shafe bayan a ina ya tsaya? In akwai wurin tsayawa, ashe ba a kai ƙarshe ba. In kuma aka ce babu katangar sam, abu ne yake ta tafiya, to shi duk rayuwarsa bai taɓa ganin abin da aka fara ba a ja masa igiya an ce nan ya tsaya ba. Ya ce duk ta inda ya ɓullo sai ya ji ƙasa ta zame masa, irin yadda katako ya zame masa ran da ya faɗo, sai dai wannan faɗuwar ba ta da ƙasan da za a buga a huta.

Matar ta daɗe tana share hannu da hankici. Sannan ta ce ta gaya wa 'yarsa tun a mota cewa ita ba ta son wannan ɓoye-ɓoye, kuma ba za ta bar gidan ba sai ta faɗa.

"Baba, ni ce likitar. Shi malami ne da gaske. Don ta faranta maka 'yarka ta kawo shi."

Famfo yana ta zuba. Tsohon ya kai hannu ya rufe, ya murɗa har ya wuce kima. Ya dube ta tun daga takalmi har jaka. Mace, ba tabarau, ba alƙalami. Mai aski bai ce masa komai a kan wannan ba.

Ta ce abin da ya yi a rumfa ne ya kusa kai shi bene, don uban da ya manta abin da ya yi ta kira a kai, dole 'yarsa ta tsorata. Abin da ta ji a bakin famfo kuwa ba maganar mai mantuwa ba ce. Amma ba za ta yanke hukunci a tsaye ba, sai ya zo asibiti da ƙafarsa an duba shi yadda ya kamata, kuma a sauya masa abin dafa shayi da irin wanda ke kashe kansa. In ya yarda da waɗannan, za ta gaya wa 'yarsa ba ta ga dalilin taɓa mabuɗinsa yanzu ba.

"Yanzu," ya ce.

"Yanzu," ta ce.

Suka koma rumfa. Bai ba 'yarsa haƙuri ba, ya dai ce mata ta share ido, uban da ya haife ta bai manta komai ba, gwada su yake yi. Ta buɗe baki, likitar ta taɓa mata gwiwa, ta rufe. Ya janyo bulo ya zauna daf da mai tabarau, ya ce to malam, a koma kan hasken nan da bai iso ba.

Malamin ya yi bayani har shayi ya huce. Ya ce iya inda haske ya iso daga gare shi, nan ganinmu ya tsaya, amma wannan iyakar ido ce, ba katanga ba. Ya ce mai yiwuwa abin ba shi da ƙarshe, mai yiwuwa kuma ya lanƙwasa ne kamar bayan ƙwallo, inda tururuwa za ta yi ta tafiya ba ta taɓa cin karo da baki ba. Tsohon ya tambaya to ƙwallon a cikin me take zaune. Malamin ya ce ba lallai ne tana cikin wani abu ba, ya kuma yarda cewa shi ma kansa ba ya iya hango hakan, lissafi ne kawai ke iyawa. Da aka matsa masa a kan wanne ne gaskiya, ya buɗe hannu ya ce ba wanda ya sani.

Tsohon bai yarda ba. Mutum ya yi shekaru a waje ya dawo da ba wanda ya sani? Ko dai sun sani suna ɓoyewa, ko kuma shi ma wannan ɗin wani gwajin ne. Ya saci kallon jakar likitar, a rufe take. Wa ya sani ma ko wanke hannun nan tun daga gida aka shirya shi.

Da suka tashi tafiya ya raka su har mota, ya ce wa malamin ya dawo shi kaɗai, ba tare da mata ba, su yi maganar maza. Motar na shan kwana ya laluba aljihu, mabuɗin na nan. Ya kulle ƙofa, ya ja kwaɗon ya tabbatar, sannan ya bi ta lungu ya zagaya bayan katangarsa, inda kwata ke wucewa. Filastar tana nan lafiya, sai wata 'yar tsaga can ƙasa da bai san da ita ba. Ya tsuguna ya sa farce ya auna zurfinta, ya koma ciki ya ɗauko cokalin gini.