Tsatsar Jiki

Tun ranar da autarsa ta ce masa iskar da muke shaƙa tana cin jiki kamar yadda take cin ƙarfe, Mai Walda bai sake samun sukuni ba. Shi kuwa ya san tsatsa, ya sha ganin yadda take mayar da ƙofa gari.

Damuwarsa matarsa ce. Likita ya sa ta tattaki kowace safiya saboda hawan jini, tana dawowa tana haki. A lissafinsa, haki iska ce mai yawa, iska mai yawa kuma tsatsa ce. Sai ya ɓoye takalman tattakinta a bayan buhun gawayi.

Ranar hutu Auta ta zo daga ɗakin gwaje-gwajen da take aiki, ta tarar da uwarta a kujera, ƙafafu sun ɗan kumbura.

"Mama, ina tattakin?"

"Tambayi ubanki. Wai kada in yi tsatsa."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Mai Walda ya ɓata rai.

"Ke kika faɗa da bakinki."

"Na faɗa, Baba, amma ba ka bari na ƙarasa ba, ka tashi ɗaukar waya."

Ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce gaskiya ne, in jiki yana aiki da iska, wasu sinadarai suna fita su lalata furotin, wato ƙananan ma'aikatan da ke cikin ƙwayoyin halitta. Amma kowace ƙwaya tana da injin niƙa. Furotin da ya lalace sai a kai shi can a daddatsa, a gina sabo da gutsattsarinsa.

"To in injin ya gaji fa?"

"In ɓarnar ta yi yawa ne. Lalatattun sai su dunƙule su toshe shi, shara ta taru. Amma 'yar wahala irin ta tattaki tashinsa take yi, ya ƙara ƙwazo. Zaman nan da Mama take yi ya fi ba ni tsoro."

Ya dubi ƙafafun matarsa. Sai ya miƙe ya fita, ya dawo da takalman yana kakkaɓe su da hularsa.

"Au, ashe ba ɓera ya ja su ba," in ji matar.

Washegari da safe tare suka fita, yana riƙe da gorar ruwa. Suka wuce shagon mai faci da rumfar mai jarida. A ɗan hawan da ke gaban makaranta ta fara haki, ya juyo ya dube ta.

"Mu ɗan tsaya ko?"

"Malam, injina nake tayarwa. Kai ma ɗaga ƙafa, naka ya fi nawa barci."

Ya gyara riƙon gorar, ya bi ta, shi ma yana haki.