Adakar Maharbin Tsibiri

Tsahara ba ta taɓa ganin Amerika ba, amma Amerika ta hana ta sukuni. 'Ya'yanta biyu suna can a gari ɗaya: Hafizu, ɗan farinta, yana tuƙa babbar mota, ƙanensa Shamsu yana aiki a asibiti. Da can tare suke kiranta ran Juma'a, suna ƙwace magana a bakin juna. Sai aka wayi gari kowa yana kiran nasa daban. In ta tambayi ɗaya ɗan'uwansa, nan take layi ya lalace.

Fadila matar Hafizu ce ta fasa ƙwan a saƙon murya. "Inna, tun kafin azumi ba su gaisa ba. A kan bindiga ne. Ɗaya ya ce haƙƙinsa ne ya riƙe, ɗaya ya ce bai kamata ta zauna hannun kowa ba."

Hankalin Tsahara ya tashi. Bindiga ɗaya ta sani a duniya, adakar marigayi mijinta, maharbin Tsibiri, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ran rabon gado an raba gona, an raba awaki, ita aka bar ta rataye a tsohon ɗakinsa. Ashe abin yana cin yaran a rai, kunya ta hana su faɗa mata!

Tsahara kuwa ba ta iya ajiye shawara ta huce ba. Daga gidanta na unguwar Zariya a Maraɗi ta hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, ta naɗe adakar cikin tabarma, ta ratsa Maraɗi da ita kamar mai kai rake kasuwa, sai Jiratawa, maƙerar Barau, tsohon abokin farautar mijinta.

Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta, Barau ya shafa bindigar. "Hajiya, wanga ƙarhe shi ya ci da gidanki. Ki sake tunani."

"Na sake. Ƙarhe ba ya kirana Inna. Raba ta biyu daidai, kar wani ya ce an hi shi."

Da zarto ya kama ƙarfen sai ta juya baya. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun takaba, don ji ta yi kamar yau ne mutumin yake tafiya. Da aka gama ta sa Barau ya ɗauki hoton guntayen biyu a kan tabarma, ta tura wa yaran, ta ɗora da murya: "Ga ta nan na raba muku. Kowa ya samu, sai a gaisa."

Washegari tana tankaɗe waya ta yi ƙara. Ta ɗauka, sai ga fuska biyu sun cika gilashin, a mota ɗaya. Hafizu da ya ga hoton ya rasa wanda zai fahimci zafin abin duk faɗin ƙasar nan in ba ƙanensa ba, ya tashi mota sai ƙofar gidan Shamsu.

"Inna, me kika yi? Bindigar Baba!"

Suna katse juna suka warware mata. Ba adaka ba ce, dokar riƙe bindiga ta can ce, wadda ta raba mutanen ƙasar gida biyu. Hafizu ya sayi tasa bindigar bayan ɓarayi sun tare shi a hanya, ya ce doka ta ba shi dama. Shamsu kuma ya gaji da ganin yaran da harsashi ya kawo asibiti, ya ce dokar ce take kashe su. Daga gardama aka kai ga gori, daga gori aka ɗauke ƙafa.

Kunya ta lulluɓe Tsahara, ta rasa inda za ta sa kanta. Tsohuwa da ita, ta yi aikin gaggawa!

Sai ta ƙara duban gilashin. Shamsu, maƙiyin bindiga, shi ne yake sharɓar kuka a kan bindiga, yana cewa da ita Baba ya koya musu zaman shiru a daji. Hannun yayan nasa yana kan wuyansa. Ba su shirya a kan dokar ba, ta san da wuya su shirya. Amma a kan laifinta bakinsu ɗaya, wannan ya fara, wancan ya ƙarasa.

Godiya ta cika mata ciki, ga Allah, ga Fadila, har ga zarton Barau. Ta jingina wayar da ƙwarya, ta gyara zama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ku ci gaba da yi mani hwaɗan. Ina ji."