Layi Ɗaya a Kan Sunan Yayana

Gwani ya rasu ranar Talata, kafin Alhamis ya zama waliyyi. Mutanen da ya sha zagi a bainar jama'a suka yi layi a gidan rediyo suna ba da shaidar haƙurinsa. Ni dai shekara talatin da ɗaya na yi ina akawun ɗakin ajiye faya-fayai a wannan gida, kuma haƙurin mawaƙin bai taɓa biyowa ta teburina ba.

Yayana ne ya rubuta waƙoƙi goma sha huɗun da suka ɗaga Gwani, shi ne kuma yake kaɗa masa jita. Da suka ɓata, Gwani ya shigo ɗakina da kansa, ya dafa rajistar da muke shigar da kowace waƙa da sunan marubucinta.

"Akawu, goge sunan ɗan'uwanka."

"Ranka ya daɗe, a ofis ba a gogewa. Layi ɗaya ake ja, a rubuta dalili a gefe, wanda ya ba da umarni ya sa hannu."

"To, ja mana. Ina zan sa?"

Na ɗauko rula na ja siririn layi a kan sunan a kowane shafi, yadda ko mai hakiya zai karanta abin da ke ƙarƙashi. Ya sa hannu sau goma sha huɗu, irin ƙaton sa hannun da yake yi wa masoya a bangon faifai. Bai duba abin da na rubuta a gefe ba. Manya ba sa karatu. Yayana ya ƙare rayuwarsa yana gyaran rediyo a rumfa, kalmominsa na fitowa daga cikin abin da yake gyarawa, da sunan wani.

Wata biyu da rasuwar Gwani, sabuwar daraktar gidan ta aiko a kira ni. Ɗakin tunawa da shi za su buɗe.

"Baba Akawu, ka rufa mana asiri. Mun samu hularsa da tabarau da takalmi ƙafa ɗaya, amma babu ko takarda guda da rubutun hannunsa."

"Ai bai cika rubutu ba, 'yata."

"Kai, Baba, ba ka rabo da barkwanci! Babban marubucin waƙa kamarsa?"

"Na dai san inda ya sa hannu."

Rajistar tana inda na bar ta, a kantar ƙasa, bayan matacciyar fanka. Na kaɗe ta, na buɗe mata. Da ta ga sa hannun sai idonta ya cika da hawaye, shi ya sa ita ma ba ta karanta ba. Aka saka littafin a akwatin gilashi, a buɗe.

Ranar buɗe ɗakin, jama'a suka cika maƙil. Mai gabatarwa ya sunkuya kan gilashin, kyamarar talabijin na bin sa, ya gyara murya, ya karanta wa duniya sunan yayana, sannan rubutuna na gefe: "An soke sunan marubucin bisa umarnin mawaƙin. Ba a canja marubuci ba."

Darakta ta kutso wurina.

"Baba, don Allah a juya shafin nan!"

"Juya, 'yata," na ce. "Akwai sha uku a gaba."