Kwaɗon da Ya Ba da Shaida a Gadon Hamani

Hamani ya rasu a bazarar 1967, a Dogarawa, ya bar gona ɗaya da mata ɗaya, Tsahara, ba ɗa. Ƙanensa Rabo ya yi kuka kwana uku, kamar yadda ya dace. A na huɗu ya je ya auna gonar da taki.

Sai Tsahara ta aiko daga ɗakin takaba cewa tana da ciki wata biyu. In namiji ta haifa, Rabo ba shi da ko kunya ɗaya a gonar, kuma ba a raba gado sai an haihu. Rabo ya ce ƙarya ce, yunwa ce ke murɗa mata hanji. Ga damina ta matso.

Alkalin Konni ya gaji da su, ya tura su wajen Majo Wakili, babban ma'aikacin jinya na gidan likita. Majo ya ce abu ne mai sauƙi: a kawo fitsarin matar da namijin kwaɗo. Za a yi wa kwaɗon allurar fitsarin. In akwai ciki, bayan awa uku zai zubar da maniyyi, a gani a madubin likita.

Uwani, uwar Tsahara, ta kawo kwalba. Kwaɗo kuwa Rabo aka ɗora wa, tunda shi ke gaggawa. A bazara kwaɗi suna can ƙarƙashin busasshen laka suna barci, sun fi mutane hankali. Kwana biyu yana haƙa gindin tabki kafin ya samo wani ƙato.

Majo ya juya shi. "Malam Rabo, wagga ai mace ta."

"Mace? Dubi ƙirjinai!"

"A wajensu mata sun fi girma. Namiji ɗan tsamurmuri na, maƙogwaro baƙi, sai yawan kuka."

"Kamar na gidanmu ke nan," in ji Uwani.

Bayan kwana uku Rabo ya dawo da wani ƙanjamamme. Aka yi allura, aka jira. Majo ya leƙa madubi, ya ce Rabo ya leƙa. Rabo ya ga abubuwa suna wutsil-wutsil, ya ɗago fuska a murtuke. Majo ya saki kwaɗon a gindin randar gidan likita, ya ce ya ci gaba da cin sauro da gara, aikin da babu ma'aikacin gwamnatin da ke yi.

A gaban alkali Rabo ya miƙe. "Allah shi gafarta malam, yanzu kwaɗo ka raba muna gado? Wa ya san halinai? Shina salla?"

"Kai ka kawo shi," in ji Uwani. "Da ka tambaye shi a hanya."

"To ko mutum na, shaida guda ba ta isa! Biyu shari'a ta ce."

Alkali, wanda bai taɓa jin Rabo ya damu da shari'a ba, ya yarda nan take. A kawo na biyu. Kafin nan gona tana hannun wadda aka tarar a gidan, wato Tsahara.

Rabo ya koma haƙa. Ya haƙa tabkin Dogarawa, ya haƙa na Tsarnawa. Mata bakwai ya tono, duk ƙosassu. Yana cikin rami har ƙugu, wajen Illela, hadari ya haɗo, aka yi ruwan shuka. Kafin la'asar ƙasa ta cika da kwaɗi, maza dubu suna ihu a kowane kududdufi. Ya cika buhu, ya kamo hanya.

Ta gefen gonar hanyar ta bi. Dangin Tsahara sun shuke ta da gero tun daga kan iyaka har bakin kwari. Uwani na binne ramin ƙarshe da diddige.

"Sannu da aiki, Rabo. Mi ag ga buhun?"

Buhun ya amsa da kansa.

"Sake su nan," ta ce. "Hatsin jikana na bukatar masu cin ƙwari."