Faifan Kaka Ɗan'auta

“Faifan ma ya fi shi sa'a, shi an kawo shi gida.”

Tani maƙwabciyarmu ce taf faɗi haka bakin famfo, tana ma wata mata magana ƙasa-ƙasa. Ba su gan ni ba, ina tsugune bayan jarkoki. Da nam miƙe sai sunka koma zancen tsadar gero. Ni kuma ban iya tambaya ba tun ina ƙarama. Na ɗauki ruwana nat tafi, maganar tana bi na.

Mu mutanen wani ƙauye ne bayan Turba. Bara da damina 'yan bindiga sunka tashe mu, munka zo Sabon Birni, Kawu Hafizullahi yab ba mu ɗaki guda da zaure. Da kaka ta yi, Yaya Jabir ya koma tare da wasu samari su yanko mana geron da munka bari. Bayan kwana goma Baba yac ce wai Jabir ya bi 'yan kasuwa ya ƙetara Maraɗi neman aiki. Ranar kuma faifan ya bayyana cikin zaure, naɗe da buhu. Ba wanda yac ce ga wanda yak kawo shi.

Faifan garmaho ne, baƙi, na kakanmu Ɗan'auta, makaɗin noma. Tun Baba na yaro wani ɗan kasuwa yat tafi da su birni anka ɗauki muryarsu. Shi kaɗai yar rage a gidanmu, can ƙauye munka baro shi ran gudu. Amma ya zo da karce mai zurfi tun daga baki har kusa da tsakiya, kamar an ja shi bisa dutse. In allura ta zo wurin sai ta yi tas, ta koma baya, ta yi tas, ta koma baya.

Baba mai gyaran rediyo ne, sai dai tun da faifan nan yaz zo bai sake buɗe rediyon kowa ba. Da hantsi shi haɗa wani tsohon garmaho, na'urar kunna faifai, da batirin sola shi zauna. Ya ɗora kwabo bisa kan allura don ta yi nauyi ta wuce, sai ta dinga cin layin tana fitar da baƙin gari.

“Nuriyya, zo nan. Ke da kinka yi boko, idonki ya fi nawa.”

“Baba, ba a koya mana faifai ba.”

“To mi anka koya maku shekara shida? Zauna.”

Ya koya mani wanki: ruwan leda, ɗigon sabulu, tsumma mai taushi, a bi zagayen layi, kada a gitta. Sannan yas sayo farin gam na kafinta, yas shafe fuskar faifan da tsohon katin waya, yac ce a bar shi shi kwana. In ya bushe za shi ɗago duk dattin da ke cikin layukan.

Daga ɗaki Inna tac ce, “Malam, ya bugo?”

“Can babu sabis, Halimat. Na gaya maki.”

Kullum sai ta tambayi ko Yaya Jabir ya bugo waya. Inna na da hawan jini, tun gudun da munka yi ba ta sake tsayuwa da kyau ba. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali.

Washegari ni naɓ ɓare gam ɗin. Ya taso gaba ɗaya kamar saɓar maciji. Na ɗaga shi ga hasken ƙofa. Akwai yashi, akwai ƙaiƙayi, akwai kuma wani abu ja-ja mai duhu da yab bi layuka gefe guda, daidai wajen karcen. Nac ce ma raina tsatsa ce. Amma na san roba ba ta tsatsa, wannan kam an koya mana. Baba ya karɓe daga hannuna, yan ninke shi, yas saka aljihun gaba. Bai jefar ba.

Kwana huɗu ina bin karcen da ƙayar aduwa, gilashin masu gyaran agogo a idona, ina buɗe bakin kowane layi inda ya toshe. Aiki ne na wanda bai son magana, ya dace da ni. Ƙarar ta ragu, allura ta fara wucewa, amma muryar Kaka tana can ƙarƙashin ƙas-ƙas kamar mai magana cikin ruwan sama bisa kwano.

A kwanakin nan na gamu da Isah mai kabu-kabu, abokin Yaya Jabir, wanda sunka tafi yankan gero tare. Da, in ya gan ni sai ya ce, “Malama Shiru, yau ma ba a ba ki baki ba?” Wannan karon ya hango ni wajen masu kayan miya, yaj juya babur nai yab bi wani lungu.

Ran Laraba bayan azahar Baba yac ce, “Saura dabara guda. A jiƙa shi, a kunna shi da ruwa bisa. Ƙarar za ta kwanta.”

“To mi ya sa ba mu yi ba tun farko?”

“Sau ɗaya aka yin ta. Dattin zai zama laka shi bushe ciki, daga nan faifai ya gama. Kawo wayarki ki ɗauka, kada ki yi tari.”

Ya ɗiga ruwa da yatsa har faifan yay yi ƙyalli. Hannu nai na bisa allura, bai sauke ba, yac ce kamar da kai nai shika magana, “Ni nac ce ma Jabir ta waya ya biya gida ya ɗauko faifan. Su sun riga sun ɗaure geron, sun hau hanya. Nac ce cikin rumbu shike, ba nisa.”

Sai yas sauke allurar.

Ban taɓa jin muryar Kaka haka ba, fes, kamar shina cikin zauren. Ganga na tafiya, shina kiran manoman garinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da gona tai. Na san gidajen. Na san waɗanda jikokinsu ke kwana cikin makarantar firamare a garin Isa, da waɗanda babu kowa nasu yanzu. Wajen karcen allura ta ɗan yi tuntuɓe, taw wuce. Baba ya dafe aljihun gaba, ruwa na bin gemu nai, bai share ba. Na riƙe wayar da hannu biyu.

Da waƙar ta ƙare allura ta ci gaba da zagaye a tsakiya. Na kashe ɗaukar.

“Kai, madalla!” in ji Inna daga ɗaki, muryarta har da dariya. “Nuriyya, ki tura ma yayanki shi ji. Shi ne mai son ta.”

“To, Inna.”

Baba bai ɗago ba. Ruwan bisa faifan ya fara bushewa daga baki. Na tashi na jawo labulen ƙofar ɗaki, nad dawo na durƙusa kusa da shi har gwiwata ta taɓa tabarma tai, na rage murya yadda Inna ba ta ji.

“Baba, Isah da yak kawo faifan ga, ina yab baro Yaya Jabir?”