Ruwan Ƙasan Jirgin Des

Tun farkon Yuli, lokacin sanyi a can, ruwa ke taruwa a ƙasan jirgin ruwan Des Tapp. Kullum da safe sai ya ɗaga katakon da ke gaban murhu, ya tarar da shi kwance a kan ƙarfe. Ya kwashe da soso da bokiti, kashegari ruwan ya dawo.

Jirgin na ƙarfe ne, ya tsufa kamar mai shi, kuma shi ne gidan Des tun rasuwar matarsa. Yana ɗaure a tashar Kettering ana jiran sanyi ya wuce. Bara, da Des ya zame a kan gadar katako, 'yarsa Narelle ta sa shi ya yi alkawari: ranar da jirgin ya fara yoyo, zai tattara ya koma gidanta a Launceston. Des ba ya saɓa alkawari, shi ya sa abin ya hana shi sakat.

Duk mazaunin jirgi ya san abin yi: a tsoma yatsa a lasa. In da gishiri, tsatsa ta huda ƙarfe ke nan, teku ce ke shigowa. In babu, da sauƙi. Des ya lasa har ya gaji. Amma wata muguwar mura ta tafi da hancinsa da harshensa. Ko gishirin girki ya zuba a baki, kamar yashi yake ji.

Ya so ya roƙi Shirl, tsohuwar da ke jirgin kusa da nasa, ta lasa masa. Sai dai abin da Shirl ta ji da safe, Narelle na jin sa kafin rana ta take. Don haka ya ja bakinsa, ya toshe kowace kafar iska da tsofaffin safa saboda murar, ya kunna hitar gas mai ɗumama ɗaki, ya ci gaba da kwasa.

Ranar Lahadi yana durƙushe da soso a hannu, sai ya ji jirgin ya karkata. Wani ya hau. Kafin ya mayar da katakon, Narelle ta sauko da tukunyar miyar kabewa a hannu.

"Baba, me ake nema a ƙasa?"

"Cokali ne ya faɗi."

"Da soso ake ɗaukar cokali yanzu?" Ta dire tukunyar. "Shirl ta ce kullum sai ka zubar da bokiti."

"Wannan mata! Ita ba ta da jirgin da za ta duba ne?"

"Ka lasa?"

Des ya nuna hancinsa. "Ba na jin komai, 'yar nan. Tun da murar ta zo."

Narelle ta dube shi. A cikin jirgin nan ta tashi, ba sai an yi mata bayani ba. Ta cire safar hannu, ta durƙusa kusa da shi. Des ya kau da kai. A ransa har ya fara raba kaya: abin da zai shiga mota, da abin da za a bar wa mai saye, in ma an samu mai sayen jirgin da ke yoyo.

Ta tsoma yatsa ta lasa. Ta yatsine fuska, ta tofar a bokiti. Ta sake tsomawa can wajen gindin injin.

"To?" in ji Des.

"Man dizal da ƙazanta. Gishiri ko ƙwaya babu."

"Ki sake."

"Kai ka sake, tunda daɗi ne da shi."

Ta zura hannu bayan katakon bango, ta fito da shi sharkaf. Ta ɗaga kai ta ga safa a cushe a kafar iska. Ta zaro ɗaya, ta zaro ta biyu.

"Baba, gumi jirgin ke yi! Ka rufe ko'ina, ga hita, ga buta tana tafasa wuni guda, ga numfashinka. Ina kake so tururin ya je? Kai fa ka koya mini wannan."

Des ya zauna daɓas a kan benci.

"Da ma na yi zargin haka," ya ce.

"Ai na ga alama." Ta tura murfin sama, iska mai yankan fata ta shigo. Ita ma sai ta zauna, ta saki dogon numfashi. "Tun daga Launceston gabana ke faɗuwa. Kai da Gavin a gida ɗaya? Kafin wata ya ƙare ni zan gudo cikin jirgin nan."

"Mijin naki har yanzu bai iya ƙulla igiya ba?"

"Sha miyarka."

Daga waje muryar Shirl ta ratso: "Narelle! Nutsewa yake ko kuwa?"

"Gumi yake!"

"Shi ko jirgin?"

Des ya jawo hular ulu ya rufe kunnuwa. Ya sha miyar nan tas, ba tare da ya ji ɗanɗanon komai ba, ya miƙa kwano a ƙara masa.