Wufa Mai Rami

Sati uku na yi ina sintiri tsakanin Unguwar Gano da shagon Mu'azu na Gyaɗi-Gyaɗi a kan akwatin sauti guda ɗaya, har masu adaidaita sahun bakin layinmu suka daina tambayata inda za ni. Da sun hango ni sai su ce, "Oga Ezekiel, wajen mai wufa?" Ni kuwa raina a ɓace, sai in shiga kawai.

Mahaifiyata ce sila. Mama Miriam ta yi shekara talatin da ɗoriya tana buga tulu a zumuntar mata ta coci, tun muna Kafanchan har aiki ya kawo ni Kano na ɗauko ta. Tulun kiɗa nake nufi, mai baki a sama da rami a gefe, wanda ake ɗorawa a cinya ana bugawa da tafin hannu. Shekara huɗu ke nan kunnenta ya fara mutuwa. Na'urar jin da aka saka mata ta ce kamar ana soya gyaɗa a cikin kanta, ta cire ta jefa a kwano. Daga nan ta daina zuwa zumunta. Duk Talata za ta ɗaura zanen ƙungiyar, ta zauna a falo har yamma, ba ta fita ba ta magana. Wannan zaman nata ya fi komai ci mini rai.

Sai ƙanwata ta tono wani tsohon kaset na zumuntarsu ta Kafanchan, ta sa aka juye shi ta turo mini a waya. Rabin matan da ke ciki sun rasu. Likita kuma ya taɓa ce mini siririn sauti ne ya tafi wa Mama, mai kauri da ɗan saura. Na ce to, wufa zan saya, akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri, mai jona wutarta da kanta, in haɗa da sifikun falo, ko Mama za ta sake jin hannunta.

Guda biyu Mu'azu yake da su masu kyau. Ɗaya baƙa ce rufaffiya, inci goma sha biyu, nauyi kamar buhun siminti. Ɗayar inci goma, da rami a gaba wanda hannu zai iya shiga, ga kuma ƙarzuwa a gefe. Yadda ake gwaji a shagon nan kuwa, Allah ya kyauta. Janareta na ruri a ƙofa, mai walda na yankan ƙarfe a maƙwabta, Mu'azu ya ƙure ƙara yana yi mini ihu a kunne wai in ji bambancin. Ban ji komai ba sai ciwon kai. Na koma ofis na ture fayil-fayil gefe, na duƙufa karatu a waya, wannan ya ce rufaffiya ta fi tsabtar sauti, wancan ya ce ƙarya ne. Na zama malamin wufa na ƙarfi da yaji, na koma na ɗauki babbar.

Kwana biyu wuta na zuwa rabi-rabi, akwatin na ƙyafta mini jan ido ya ƙi tashi. Ranar da ta zo cikakkiya na zaunar da Mama a kujera na kunna. Kwanukan kabad suka hau rawa. Gilashin taga ya ɗauka. Ba a yi minti uku ba Hajiya Bilkisu, wadda bango ɗaya ya raba mu, ta ƙwanƙwasa ƙofa da agogon bangonta a hannu, fuskarsa a fashe. Na ba ta haƙuri na dawo na dubi Mama.

"Babbar mota ce ta tsaya a waje?" ta tambaye ni.

Washegari na dawo daga aiki na tarar ta lulluɓe wufar da farin leshi, ta ɗora furen roba da hoton marigayi babana. Ta samu teburi. Nan na fashe da faɗa, na faɗi wahalar da na sha, na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uwarsa ba. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga fuskata. Ta tashi a hankali ta kwashe kayanta ta shige ɗaki. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya ƙaru a kan na akwatin.

Na mayar wa Mu'azu da ita ina huci. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, sati nawa kana kawo mini kunnenka, kuma kunnenka lafiyarsa ƙalau. Mai abin ba ta taɓa zuwa ba. Kawo Mama. Canji ɗaya zan yi maka, daga shi ba ƙari."

Sai da na yi kwana uku ina lallashi kafin ta yarda. Ranar Asabar da hantsi muka je. Mu'azu ya kashe janareta don an kawo wuta, ya roƙi mai walda ya dakata, ya ba ta kujera. Ya jona babbar ya kunna waƙar. Mama ta karkata kai, ta jira, ta girgiza shi. Ya ƙara ƙara har kwalayen da ke kan kantar shagon suka fara zamowa. Ta sake girgiza kai ta fara neman takalminta da ƙafa. Na ce a raina shi ke nan, na gama, a bar maganar.

Tana miƙewa idonta ya faɗa kan ƙaramar da ke ƙasa.

"Ɗana, wannan wa ya huda ta?"

Mu'azu ya matso kusa da kunnenta. "Haka aka yi ta, Mama. Iska ke fita ta nan."

Ta koma ta zauna. Ta sa ya jawo akwatin tsakanin ƙafafunta, ta matse shi da gwiwoyi, ta gyara zani kamar yadda na sha ganin ta yi a coci tun ina yaro. Ta ɗora tafin hannunta a bakin ramin ta ce a kunna.

Ni da nake tsaye na ga gefen mayafinta yana motsi da kowane bugu. Ta rufe ido. Can sai yatsunta suka fara tafiya a jikin katakon.

"Ladi ce wannan," ta ce. "Har ta mutu ba ta iya jira ba, kullum sai ta riga kowa shiga."

Aka ɗan ƙara gaba, wani bugu mai nauyi ya shigo ƙarƙashin na farko. Hannunta ya tsaya cak a kan ramin.

"Ga ni nan."

Amma da yake taurin kaina bai gama sakina ba, sai da na sunkuya na ce mata babbar fa ta fi ƙarfi, kowa ya ce ta fi tsabtar sauti. Ta buɗe ido ta dube ni irin kallon da take mini ina ɗan firamare.

"Waccan ba ta numfashi, Ezekiel. Me zan taɓa a jikinta?"

Mu'azu ya juya baya yana gyaran wayar da ba ta lalace ba, kafaɗunsa na rawa don dariya.

A adaidaita sahu ta hana a ɗaure akwatin a baya, a gabanta aka ajiye shi, hannunta na kan ramin ko da yake ba abin da ke fita. Mun wuce shataletale mun kusa gida sai ta taɓo ni.

"Ranar Talata ka nemi izini ka dawo da wuri. Za ka kai ni zumunta. Ka ce su ajiye mini kujera kusa da mai tulu, inda hannuna zai kai."